Amsa: Gyaran Mustang ta 1966 da kuɗi kaɗan

Malam, ka ce kana son gyara motarka Ford Mustang ta 1966 mai injin 289 V8 da kuɗi kaɗan, ba tare da ka jingine ta ba. To, ka manta da fenti tukuna, birki ne kan gaba. Mastan birkin ta 1966, wato famfon da ke tura man birki zuwa ƙafafu, layi ɗaya ne, idan mai ya zube ta ƙafa ɗaya, duka huɗun sun tafi. Sa mai layi biyu irin na 1967, ba tsada, bakanike zai gama a yini.

Bayan nan cire kwantak, wato abin da ke tsara ba fulogi wuta, ka sa na lantarki irin na kamfanin Pertronix, sai wanke lagireto da canja tiyo. Ɗaga kafet ka duba tsatsa, don ruwa yakan shiga ta ƙasan gilashin gaba. Sa babban kafireto kuwa, a ganina, shan mai kawai zai ƙara maka.