Google Scholar ko Scopus: wanne za a dogara da shi?

Malam, ka tambayi dalilin da ya sa adadin waɗanda suka kafa hujja da maƙalunka a Google Scholar ya fi na Scopus nesa ba kusa ba, da kuma wanda ya kamata ka riƙe. Na daɗe ina amfani da waɗannan rumbunan neman maƙalun ilimi na intanet duka biyun, kuma gaskiyar magana ita ce ba abu ɗaya suke ƙidayawa ba.

Google Scholar, wanda aka buɗe a 2004, kyauta ne, kuma yana kwaso duk abin da ya yi kama da rubutun ilimi a intanet, har da kundayen digiri da takardun taro da mujallun Afirka da ke kan AJOL, dandalin da ke tattara su a intanet. Illarsa ita ce ba ya tantancewa, kuma sunayenmu na rikita shi ƙwarai. Mutum ɗaya zai fito Muhammad a wata maƙala, ya fito Mohammed a wata, ga kuma masu sa hannu da "A. Abubakar" ba iyaka. Na taɓa ganin shafin wani masanin harshe ɗauke da maƙala kan takin zamani, saboda ya bar manhajar tana ƙara masa ayyuka da kanta. Haka nan maƙala ɗaya takan rabu gida biyu, sai ka haɗe ta da hannunka kafin lissafin ya daidaita.

Scopus na kamfanin Elsevier da Web of Science na Clarivate sun fi tsafta, domin zaɓaɓɓun mujallu kawai suke ƙirgawa, amma sai jami'a ta biya kuɗi ake samun cikakken amfaninsu, kuma sun karkata ga abin da aka rubuta da Ingilishi. Mujallar sashe da aka buga a takarda kaɗai kuwa, babu wanda yake ganinta a cikinsu, ko da ɗalibai sun shekara goma suna ambatonta.

A ganina, kada ka ɗora wa ma'aunin h-index, wanda Jorge Hirsch ya ƙirƙiro a 2005 don auna yawan maƙalun masani haɗe da yawan ambaton da ake yi musu, nauyin da ya fi ƙarfinsa, tunda ba a kwatanta na likita da na masanin adabi. Ka tsayar da rubutun sunanka iri ɗaya, ka buɗe lambar ORCID, wato lambar shaida da ke bambanta mai bincike da masu irin sunansa, ka kashe ƙarin nan na kai-tsaye a Google Scholar, sannan ka duba ƙa'idojin ƙarin girma na jami'arku kafin ka miƙa wa kwamiti kowane adadi.