Tambaya da Amsa: Na jona monita da laftof, allo baƙi ƙirin

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, barka da aiki. Ni ɗalibi ne a jami'ar KNUST ina zaune a Aboabo nan Kumasi, na sayi monita na hannu a Adum saboda allon laftof ɗina ƙarami ne idona har ciwo yake in na daɗe ina zane. Monitan rami ɗaya gare shi, mai shuɗin nan, laftof ɗin kuma ramin HDMI ne kawai, irin na talabijin, sai mai shago ya haɗa ni da wata waya kai ɗaya HDMI ɗayan kuma shuɗi, na zo gida na jona ba abin da ya fito sai No Signal. Monitan ne ya mutu ko laftof ɗin? Daga ƙaninka a Aboabo.

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanena. Kwantar da hankalinka, ni dai wayar nan nake zargi kafin komai. Ramin shuɗin nan mai ƙananan huji 15 sunansa VGA, tsohon hannu ne tun 1987 kamfanin IBM ya fito da shi, kuma yadda yake ɗaukar hoto daban ne da na HDMI, kamar ka haɗa mai jin Hausa kawai da mai jin Twi kawai ne, dole sai da tafinta a tsakani. Tafintan shi ne ɗan adafta mai ƙaramin inji a cikinsa wanda yake juya siginar, su kuwa wayoyin arahan nan da yawansu zallar waya ce ba komai a ciki, ko ka kwana kana cirewa kana mayarwa ba za su kawo hoto ba.

Ga inda mutane suka fi faɗawa: adaftan hanya ɗaya yake bi. Akwai mai ɗauka daga HDMI zuwa VGA, shi ne naka, akwai kuma mai ɗauka daga VGA zuwa HDMI na tsofaffin kwamfutoci, a ido kamar ɗaya suke amma in ka ɗauko na biyun ka yi asarar sidinka, don haka ka duba kwalin da kyau wanne aka fara rubutawa.

Amma kafin ka koma Adum da faɗa, gwada wannan. Ka jona laftof ɗin da talabijin na gida da wayar HDMI, in hoto ya fito to ka wanke laftof. Sannan in ka sami adaftan kirki ka jona, ka danna maɓallin Windows tare da P, zaɓi huɗu za su fito a gefe. Duplicate shi ke nuna abu ɗaya a alluna biyun, Extend kuma shi ne naka tunda zane kake, sai ka ja aikin zuwa babban allo ka bar littafinka a ƙaramin. In rubutu ya fito dishi-dishi ko mutane sun yi faɗi, ka shiga saitin allo ka zaɓi girman da Windows ya ba da shawara, masu faɗin nan yawanci 1920x1080 ne amma tsofaffi ba sa kaiwa nan. VGA ba ya ɗaukar sauti ko kaɗan, to in ka ji shiru bayan ka jona ka mayar da sautin kan sifikar laftof daga alamar lasifika da ke ƙasa ta dama.

Wallahi ka ɗauki laftof ɗin da monitan ka je da su shagon, a gwada a gabanka kafin ka biya. Ka kuma samo wa monitan abin kare wuta irin wanda ake sa wa firij, laftof na da batir amma monita kai tsaye yake shan wuta, in an yi dumsor, wato an ɗauke wuta, aka dawo da ita da ƙarfi shi ne zai fara tafiya.

TAMBAYA: Malam sabuwar laftof ɗina ba ta da HDMI sam, sai ƙananan ramukan nan irin na cajin waya. Zan iya jona monita kuwa? Daga 'yar'uwarka a Nima, Accra.

AMSA: Hajiya wannan USB-C ne, kuma ba kowanne ne ke fitar da hoto ba, wani caji da tura fayil kawai yake yi duk da kamarsu ɗaya. Ki duba gefen ramin, in kin ga alamar walƙiya mai kan kibiya wato Thunderbolt, ko harafin D mai P a ciki, to zai yi, ki sayi adafta daga USB-C zuwa HDMI a Tip Toe Lane nan Circle. In ba alama ki rubuta lambar samfurin laftof ɗin a intanet ki ga abin da kamfanin ya ce game da ramin. Kada ki dogara da wayar cajin wayarki, yawancinsu ba sa ɗaukar hoto.