Karan gero kaɗai zai iya rage wa akuya jini?

Malam, ka tambaya ko ciyar da awakinka karan gero da na dawa duk rani shi ya sa suka rame kuma cikin fatar idonsu ya yi fari. Eh, yana da hannu a ciki. Busasshen kara cika ciki kawai yake yi, furotin ɗinsa, wato sinadarin gina jiki, bai cika wuce kashi 5 cikin 100 ba, alhali harawar wake da ta gyaɗa suna ninka hakan fiye da sau biyu. Jikin akuya kuwa da furotin da sinadarin ƙarfe yake haɗa jini. Ko jar akuyarmu ta Sakkwato, duk juriyarta, sai ta yi rauni, musamman mai ciki ko mai shayarwa.

Ka riƙa sassara karan kana haɗa shi da harawa da ɗan dusa, ka ajiye musu gishirin lasa. Harawar da ta yi fumfuna kada ka ba su, gubarta tana lalata hanta.

Amma tsutsar ciki ma tana shan jini. In ka ga kumburi ƙarƙashin haɓa, kai su asibitin dabbobi a gwada jini da kashi kafin ka sayi magani.