Hawan kawai ka sani, ba ka taɓa ganin gangaren ba

Daren jiya wani ƙanenmu a wannan zaure na samarin Aboabo da ke Kumasi ya yi tambaya. Shekara 2 ke nan yana shan tiramol, ƙwayar kashe zafin ciwo, tun da aka rubuta masa a asibiti saboda ciwon baya. Yana so ya bari, amma duk safiyar da bai sha ba ji yake kamar ransa zai fita. Ya ce, "Yayyena, in na bari ba zan mutu ba kuwa?" Yayanmu mai walda a Suame Magazine, unguwar makanikai, ya amsa masa da saƙon murya 3. Na rubuta su don waɗanda ba sa samun damar saurara a wurin aiki.

Murya ta farko

Salamu alaikum jama'a. Ƙanena, na ga saƙonka tun asuba, na ce rubutu ba zai ɗauke wannan magana ba. Ku yi haƙuri da ƙarar injin, ina shago ne.

Tambayarka zan fara amsawa kafin surutu ya ɗebe ni. Mutum mai ƙoshin lafiya, ciwon barin tiramol shi kaɗai da wuya ƙwarai ya kashe shi. Yana wahalarwa, wallahi yana wahalarwa, ba zan shafa maka mai a baki ba. Amma abin da yake kai mutane kabari shi ne shan, da haɗe-haɗen da ake yi, da komawa bayan an bari. Akwai inda barin ma yake da haɗari, zan zo kansa, ka saurara har ƙarshe.

Ni ma ta ƙofar asibiti na shiga, kamar kai. Aboboya ce, babur mai ƙafa uku na ɗaukar kaya, ta kaɗe ni a kan babur, ƙafar hagu ta karye, aka sa ƙarfe. Aka sallame ni da tiramol mai lamba 50, wato miligiram 50. Ba wanda ya ce mini ga ranar dainawa, ni ma ban tambaya ba. Ƙashi ya haɗe, ni kuwa ban rabu da maganin ba, domin na lura in na sha sai in tsaya kan walda tun safe har magariba ba gajiya. Daga 50 na koma 100. Daga nan wani yaro a bakin tasha ya nuna mini mai 225. Ka san a Ghana 50 da 100 ne kawai hukumar kula da abinci da magunguna, FDA, ta yarda da su. Duk wani 120 da 225 da 250 da kake gani ta ɓarauniyar hanya ya shigo. A ƙarshe 225 guda 3 nake haɗiya a yini, ka lissafa, 675 ke nan, alhali iyakar da likitoci suka sa wa babban mutum miligiram 400 ce a yini. Kuma a lokacin ba wani daɗi nake ji ba fa. Sha nake don kawai in zama daidai, in iya ɗaura dankwalin walda in gaisa da mutane.

Abin nan da kake ji da safe na san shi kamar yunwar cikina. Hamma ba iyaka, hanci na zuba, ido na hawaye ba kuka kake ba, tsigar jiki na tashi alhali kana gumi. Sai ka haɗiya, kafin ka gama shan koko komai ya kwanta. To ka lura da wani abu. Shekara 2 kullum a daidai wannan wurin kake tsayar da ciwon. Kullum yana cikin hawa kake kashe shi. Shi ya sa zuciyarka ta yarda cewa in ba ka sha ba haka zai yi ta hawa har sai ya kai ka lahira. Kai hawan kawai ka sani. Gangaren yana nan a baya, ba ka taɓa leƙa shi ba.

Murya ta biyu

Yawwa, na fito waje, nan ya fi shiru.

Karon farko da na ce na bari, yini ɗaya da rabi na yi. Daren na biyu na tashi da ƙafata na je na buga wa yaron nan ƙofa. Karo na biyu sai na tafi ɗakin Hajiyarmu a Asawase, na ba ta wayata da kuɗina da makullin babur, na ce ko na yi kuka kada ta ba ni. Ba ina ce maka ka yi haka ba ne, kuskure ne, za ka ji dalili. Amma a nan na ga abin da idona, bari in faɗa maka yadda yake.

Yini na farko kamar mura mai nauyi. Na biyu da na uku su ne kan tudun. Gudawa, amai, ciki na murɗawa, ƙasusuwa kamar ana dukansu da guduma. Abin da ya fi ci mini rai ƙafafu ne. Ba sa zama wuri ɗaya. Ka miƙe su, ka naɗe, ka tashi, ka kwanta, duk a banza. Na tuna wajen ƙarfe 3 na dare ina zagaya tsakar gida ba takalmi, daga bakin famfo zuwa ƙofar zaure, in dawo, in koma. Hajiya tana zaune a kan kujera 'yar tsugunno da carbi, ta lulluɓe kai da mayafi saboda sauro, ba ta ce mini uffan ba. In na zo wucewa sai ta miƙo mini kofin silba da ruwan gishiri da sukari, in kurɓa, in wuce. Haka har aka yi kiran assalatu.

Sannan tiramol tana da wani hali da ya bambanta ta da 'yan'uwanta irin su kodin. Aiki biyu take yi a ƙwaƙwalwa. Tana kashe zafi kamar dangin ofiyom, tana kuma taɓa sinadaran da magungunan ciwon damuwa suke taɓawa. Don haka in ka yanke ta, bayan ciwon jiki akwai faɗuwar gaba ba dalili, da jin kamar lantarki na fizgar kai, da tsikari a hannu da ƙafa. Wasu kaɗan har ruɗewa suke yi, su ga abin da babu. Ni na ɗauka jifa aka yi mini, har na fara lissafa maƙiyana a kasuwa. Ashe maganin ne yake fita.

Safiyar yini na huɗu Hajiya ta dama kunu mai ruwa-ruwa, na sha rabin kofi, ya zauna. Ban amayar ba. Na zauna ina kallon kofin kamar wani abin mamaki. Yini na biyar na yi barcin awa 2. Na shida na ji ƙamshin waken da maƙwabciyarmu take dafawa na sayarwa, yawuna ya tsinke. Ka ji gangaren. Abin da likitoci suke cewa ke nan: yakan fara cikin yini ɗaya bayan shan ƙarshe, ya yi tsanani a kwana na 2 zuwa na 3, mafi yawan ciwon jiki ya lafa cikin mako ɗaya zuwa kwana 10.

To ina na faɗi? Na ɗauka an gama. Ba wanda ya gaya mini akwai zango na biyu, wanda ba gudawa ba amai, sai kasala da rashin barci da duniya ta yi maka salam kamar miya ba gishiri. Wannan yakan ja makonni, wani har watanni. Sati na uku wani aiki mai nauyi ya shigo, bodin tifa, na ce bari in sha sau ɗaya kawai. Na haɗiyi adadin da na saba. Ban sani ba jikina ya riga ya manta da shi. Abin da na tuna ina riƙe da ƙarfe, sai na farka a ƙasa, harshe a tsage, yaran shago sun kewaye ni suna salati. Farfaɗiya ce, tiramol tana kawo ta in ta yi yawa. Allah ne ya sa wutar walda ba a kunne take ba. Wasu ba farfaɗiya ce take samunsu ba, numfashi ne yake tsayawa cikin barci, a tashe su da safe a tarar sai gawa. Ƙanena, in za ka ji tsoro, wannan wurin za ka ji wa, ba gudawar kwana 3 ba.

Murya ta uku

Karo na uku ne na yi abin da ya kamata in yi tun farko, na je wurin likita. Kunya ce ta hana ni a da, ina ganin za a ce ɗan Zango ɗan ƙwaya. Da na shiga na faɗi adadin da nake sha, ko gira bai ɗaga ba, rubutu kawai ya yi. Likita ba ɗan sanda ba ne. Amma ka faɗa masa gaskiyar adadin, kada ka rage don kunya, domin a kan abin da ka faɗa zai gina lissafinsa.

Abin da ya yi mini shi ne saukowa a hankali, kamar mai saukowa daga bene da matakala maimakon ya diro ta taga. Ya raba ni da na bakin tasha, ya mai da ni kan na kemis mai rajista wanda aka san abin da ke cikinsa, ya riƙa ragewa kaɗan-kaɗan. Yawanci wajen kashi 10 cikin 100 ake cirewa a kowane mataki, wani duk sati, wanda ya daɗe yana sha kuma duk wata. In mataki ya yi maka nauyi sai a tsaya a kansa har jiki ya saba, ba a komawa sama. Kowane ragi nakan yi kwana 2 ko 3 ina hamma da rashin barci, amma ina zuwa aiki. In ka gwada shi da na ɗakin Hajiya, kamar yayyafi ne da ruwan Kumasi na watan Yuni. Maganin kuwa ba a aljihuna yake ba. Hajiya ce take ƙulle shi a bakin zani, kullum da safe in biya in karɓi na yini. Ka samu mutum ɗaya irin haka, uwa ko mata ko yaya, wanda ba ya jin kunyar ce maka a'a.

A nan Kumasi akwai sashen masu tabin hankali da shaye-shaye a asibitin Komfo Anokye, kuma asibitocin gunduma da yawa suna da nas mai kula da wannan ɓangaren. 'Yan'uwanmu na Nima da Mamobi a Accra da suke cikin zauren nan, kuna da asibitin Pantang, kuna da na Korle Bu, akwai kuma na Ankaful can wajen Cape Coast. Kada sunan sashen ya firgita ka, ba wai an ce ka haukace ba ne.

Yanzu wuraren da na ce barin kansa yana da haɗari. In kana haɗawa da baliyam ko wani maganin barci, ko giya kullum, kada ka kuskura ka yanke da kanka, barin waɗannan farat ɗaya yana kawo farfaɗiya, yana iya kisa. Haka wannan jar ƙwayar da yara suke cewa Red, wadda BBC ta yi bincike a kanta a 2025. Ba tiramol ba ce, tafentadol ce aka gauraya da wani maganin saki jijiya, barinta sai da likita. Mace mai ciki ma kada ta yanke, yana iya taɓa cikin. Mai ciwon zuciya, mai sukari, mai farfaɗiya tun asali, duk layinsu ɗaya. Kuma ko wane ne kai, in amai da gudawa suka hana ruwa zama a cikinka yini guda, ko ka fara ganin abin da babu, ko zuciya ta fara raya maka ka kashe kanka, a daren nan za a kai ka asibiti, ba sai gari ya waye ba.

Wani zai ce ka je wurin malam. Je ka mana, ni ma na sha rubutu, na riƙe azkar, kuma sun riƙe ni a dararen da ido ya ƙi rufuwa. Amma ka haɗa da asibiti. Inda za a ce a sa maka mari a ƙafa a ɗaure ka jikin itace wai har shaiɗan ya fita, kada ka yarda, kada danginka su yarda. Mai gudawa da amai ruwa yake bukata da mai lura da shi.

Saura maganar bayanka, na san ita ce a ƙasan zuciyarka: in na bari, ciwon fa? Ni ma haka na ce da ƙafata. Makonnin farko ta yi ciwo fiye da da, har na ce ka gani ko. Likita ya ce in yi haƙuri, daɗewa a kan irin wannan magani yana iya sa jiki ya ƙara jin zafi, kuma fitarsa ma tana tayar da tsohon ciwo. Aka tura ni gashin ƙashi, aka koya mini motsa jiki, da farasitamol in ta matsa. Yau in hadari ya haɗu tana yi mini tsami, ba zan ce ba ta yi. Amma ina tsayawa kan aikina, kuma sidin da nake kai wa yaron tasha kullum shi ne yanzu kuɗin makarantar 'yata.

Majalisar shayin da kuke zama bayan isha, in a nan ake miƙa maka, ka ɗan yi nisa da ita wata 2 ko 3, ka goge lambar mai sayarwa tun yau. Amma maganin kada ka yanke shi yau. Ka sha yadda ka saba, kada ka ƙara, ka rubuta a takarda nawa kake sha da ƙarfe nawa, kwana 3 a jere. Takardar za mu kai wa likita. Ranar Litinin ba ni da aiki da safe, ka same ni ƙofar masallacinmu bayan asuba mu hau faragiya, keke mai ƙafa uku, tare, gara mu kama layi da wuri. Ka zo da katin inshorarka in yana aiki. Bari in je, ga mai mota can yana ta danna mini oda.