Muryar WhatsApp: amsa a kan tompouce, kayan zaƙin mutanen Holan

Assalamu alaikum, 'yan uwa, barkanku da yamma. Ƙanwata, na saurari saƙonki. Kin ce kin ga hoton wani kek na Holan mai ruwan hoda a sama da kastad a tsakiya, kina tambaya ko zai yiwu a gida. Zai yiwu sarai. Sunansa tompouce, a baki dai tompus muke cewa. Ba kek ba ne irin wanda muka saba. Falle biyu ne na kwaɓin fulawa da bota mai ɓawo-ɓawo, wanda suke kira bladerdeeg, sai kastad mai kauri a tsakaninsu. A nan Holan da wuya ki shiga gidan burodi ki rasa shi, kantin HEMA ma ya yi suna a kansa. Ran 27 ga Afrilu kuwa, ranar haihuwar Sarki Willem-Alexander, duk sai a mayar da samansa ruwan lemo, launin gidan sarautarsu.

To, kastad ɗin shi ne gaba ɗayan aikin, don haka da shi za ki fara, tun ana gobe za a ci. Madara rabin lita, gwaiduwar ƙwai 4, sukari giram 100, kon fulawa giram 50, sai banila. Ki kaɗa gwaiduwar da sukarin har ta yi haske, ki zuba kon fulawar ki juya. Madarar kuma ki ɗora ta ta yi zafi, sai ki riƙa tsiyaya ta a kan ƙwan kaɗan-kaɗan kina juyawa. Kar ki juye ta gaba ɗaya fa, ƙwan zai dahu ya yi gudaji. Ki mayar tukunya a wuta kaɗan, hannunki kar ya tsaya. Za ki ji ludayin ya fara nauyi, sai ki ga ƙasan yana ɓul-ɓul. Ki ba shi kamar minti biyu a haka don garin ya dahu, in ba haka ba zai saki ruwa daga baya. Ki juye a faranti, ki shimfiɗa leda ta manne da samansa don kar ya yi fata, sai firij, ya kwana.

Ga wani abu da nake so kowa ta ji. Da yawa cikin masu koyar da shi suna sa jelatin don kastad ɗin ya tsaya, kuma jelatin ɗin da aka fi sayarwa a Turai na alade ne. Ki duba kwalin da kyau, ki nemi na kifi ko na shanu mai tambarin halal. Ni ba na sa shi sam, shi ya sa na ce kon fulawa giram 50, ya isa ya riƙe shi. Haka launin hodar nan, wani lokaci E120 ne, daga wani ƙwaro ake samun sa. Zoɓo ya raba gardama: ki jiƙa shi ya yi kauri, ki ɗiga cokali ɗaya zuwa biyu a aisin suga giram 100. Launi mai kyau, ga ɗan tsami da ke karya zaƙin.

Fallen kuwa, in kina samun na kanti a firiza, ki saya, ki nemi mai bota zalla. Na hannu sai an yi ta naɗe bota cikin kwaɓi ana mayarwa firij, kuma a zafin Kano botar narkewa za ta yi kafin ki gama murzawa. Ki sossoke shi da cokali mai yatsu ko'ina, ki sa takardar gashi, ki ɗora wani tire a kai ya danne shi. Ba a so ya kumbura, so ake ya fito a miƙe yana ƙaras-ƙaras. Oben a digiri 200 na Selshiyas, minti 20 zuwa 25, har ya yi ja. Ki yanka da wuƙa mai haƙora, tsawon tafin hannu, faɗin yatsu uku.

Rabin ki shafa musu aisin ɗin ki bari ya bushe tukuna. Kastad ɗin ki ɗan buga shi ya yi laushi, ki zuba a leda ki yanke bakinta, ki matsa a kan sauran da kauri sosai, sai ki ɗora murfin a hankali, kar ki danna. Kuma kar ki haɗa sai saura awa ɗaya ko biyu a ci, don fallen yana shan ruwa ya yi laƙwas. In babu wuta a unguwarku ki haƙura sai ranar da firij zai yi sanyi, madara da ƙwai ba sa jure zafi.

Wajen ci, in kika gatsa kai tsaye kastad ɗin ta gefe zai tsere. Mutane da yawa a nan cire murfin suke yi su sa shi a ƙasa, sannan su gatsa. Ki gwada, in kin yi ki turo mana hoto. Sai an jima.