Maganin ƙwaƙwalwa da sankarar mama: amsa ga Hajiya

Wa'alaikumus salam Hajiya, Allah Ya ba Yaya lafiya. Kin ce kin ji magungunan da ke toshe makarɓar saƙo a ƙwaƙwalwa suna kashe sankarar mama, ko ki saya mata a kemis. Don Allah kar ki saya.

Maganar tana da tushe. A 2012 masu bincike a Jami'ar McMaster ta Kanada suka gano cewa thioridazine, tsohon maganin taɓin hankali mai toshe makarɓar dofamin (sinadarin da ke kai saƙo a ƙwaƙwalwa), yana karya lagon ƙwayoyin sankara da ke tsira bayan kemo (maganin kashe ƙwayoyin sankara) su sake yaɗo. Galibin aikin a kan sankarar jini ne, sai dai sun ga irin makarɓar a ƙwayoyin sankarar mama. Daga baya aka gwada masu toshe sirotonin, wani sinadarin kai saƙon. Amma fa yawancin wannan a kwanon gwaji ne da jikin ɓera, kuma abin da ake zubawa a kwanon yakan fi ƙarfin abin da jinin mutum zai ɗauka lafiya. Shi kansa thioridazine kamfanin Novartis ya janye shi a 2005 saboda yana rikita bugun zuciya.

Inda gizo ke saƙar shi ne idan Yaya tana shan tamoxifen, maganin sankarar mama da ake sha miligiram 20 kullum na shekara 5 zuwa 10. Sai hanta ta juya shi zuwa endoxifen kafin ya yi aiki sosai, ta hanyar wani sinadari mai suna CYP2D6. Paroxetine da fluoxetine, magungunan ciwon damuwa, suna danne sinadarin nan da ƙarfi, thioridazine da haloperidol na taɓin hankali ma suna taɓa shi. Ga ta tana haɗiyar magani kowace safiya, ƙarfinsa kuwa ya ragu ba wanda ya sani. Toshe dofamin kuma yana ɗaga firolaktin, sinadarin da ke kawo ruwan nono, sai al'ada ta ɗauke, nono ya riƙa tsatsafo ruwa, hankalin kowa ya tashi a banza.

Wasu daga dangin nan za ta gamu da su a ɗakin kemo: ondansetron, metoclopramide, olanzapine, ko aprepitant da ake ba da miligiram 125 ranar farko, 80 a rana ta biyu da ta uku. Na amai ne, kar wani ya ce miki su ne maganin ciwon.

Abin da zan so ki bi diddigi shi ne sakamakon tsokar da aka ɗiba: ER, PR da HER2, alamomin da ke nuna irin sankarar. Shi ke raba mai tamoxifen da mai trastuzumab (maganin masu HER2) da wadda kemo ne hanyarta. Ki tambaya a asibitin Barau Dikko na Kaduna, in za a gasa ciwon da haske (radiotherapy) a rubuta muku takardar zuwa asibitin Shika na Zariya. In kuwa dama tana karɓar magani a asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa, kar ta daina shan sa da kanta. Ku kwashi kwalayen duka a leda ku nuna wa likitan sankara, ku roƙi a yi mata gwajin zuciya na ECG kafin a haɗa mata da ondansetron.