Ƙanena, ga amsar tambayarka kan guguwar Houston

Saƙonka ya iso. Ka ce jami'a ta ɗauke ka a Houston ta jihar Texas a Amurka, za ka sauka a watan Agusta, amma Hajiya ta ga bidiyon mahaukaciyar guguwa tana yaye rufin gidaje ta ce babu inda za ka, abokanka kuma sun ce zuzutawar 'yan jarida ce kawai. Kana so in raba gardama. Duk shekara sai an aiko mini da irin wannan tambaya, kuma kullum sai bayan an sayi tikiti, abin da ke ɓata mini rai ke nan. Hajiya ta fi abokanka kusa da gaskiya. Sai dai iskar da ta gani ba ita ce ta fi kashe mutane ba. Ruwa ne, sannan kwanakin da ke biyo baya.

Lokacin guguwa a tekun Atilantika daga 1 ga Yuni ne zuwa 30 ga Nuwamba, kuma ya fi tsanani daga tsakiyar Agusta zuwa tsakiyar Oktoba. Wato za ka sauka ana tsakiyar abin, ba mota, ba ka san gari ba. Da yawa daga manyan guguwar nan asalinsu hadarin damina ne da ke ratsa ƙasashenmu na Sahel, ya faɗa teku ta wajen Senegal, ya tarar da ruwa mai ɗumi ya yi ƙarfi. Irin waɗannan ana ganinsu tun daga nesa. Waɗanda ke tasowa a cikin tekun Mexico kuwa, kwana 2 ko 3 kawai suke ba mutum.

Abin da talabijin zai cika maka kunne da shi shi ne mataki: na 1, na 3, na 5. Wannan ma'auni ƙarfin iska kaɗai yake aunawa. Mataki na 1 yana farawa daga kilomita 119 a awa, na 3 daga 178, na 5 daga 252. Ba ya gaya maka faɗin guguwar, ko saurin tafiyarta, ko yawan ruwan da za ta zubar. Guguwar da aka sa wa suna Harvey ta shigo ta garin Rockport na gaɓar Texas a Agustan 2017 tana mataki na 4, amma lokacin da ta nutsar da Houston ƙarfinta ya riga ya faɗi ƙasa da mataki na 1. Tsayawa ta yi wuri guda tana zuba ruwa kwana da kwanaki. A garin Nederland da ke gabas da Houston an auna ruwan sama inci 60, sama da milimita 1,500, wanda ya zarce ruwan damina guda na Kano nesa ba kusa ba. Ike ta 2008 mataki na 2 ce, amma faɗinta ya turo teku ya share gidajen yankin Bolivar kusa da Galveston, garin bakin teku da ke kusa da Houston. Helene ta 2024 ta kashe mutane da dama a duwatsun North Carolina, ɗaruruwan kilomita daga bakin teku. Duk wanda ya ce maka "ai ta sauko mataki na 1, ka kwanta", bai san abin da yake faɗa ba.

To yaya za ka gane zuzutawa daga gaskiya? Tushen labari ɗaya ne, cibiyar kula da guguwa ta gwamnati da ke Miami, wadda ake kira NHC. Tana fitar da cikakken bayani duk awa 6, a agogon Houston ƙarfe 4 da ƙarfe 10, safe da yamma. Duk wani "sabon labari" da ka gani tsakanin waɗannan lokuta, yawanci tsohon ne ake sake juyawa. Gidajen talabijin na ƙasa suna kai ɗan jarida inda abin ya fi muni ya tsaya cikin iska, su yi ta maimaita rufi ɗaya da ya tashi. Ba ƙarya suke yi ba, amma ba labarin unguwarka suke bayarwa ba. Ka bi ofishin hasashen yanayi na gwamnati mai kula da Houston da Galveston, da tashoshin cikin gari, da shafin Space City Weather, wanda mutanen nan suka sani da faɗin magana ba ƙari.

Akwai taswira mai siffar mazurari da za ka riƙa gani. Mutane da yawa, har da waɗanda aka haifa a nan, suna karanta ta ba daidai ba. Ba girman guguwa take nunawa ba, inda tsakiyarta zai iya bi ne, kuma kusan sau ɗaya cikin uku tsakiyar takan fita daga ciki. Ɓarna kuwa tana kaiwa nesa da shi, musamman ta gefen damansa. A 2022 hankalin kowa yana kan birnin Tampa na jihar Florida saboda layin tsakiyar taswirar, sai guguwar Ian ta faɗa wa yankin Fort Myers, wanda dama yana cikin mazurarin, aka yi asarar rayuka sama da 100. Haka nan in ka ga an turo taswira mai jan launi ana cewa nan da kwana 10 guguwa za ta cinye Houston, ka share. Hasashen kwamfuta ɗaya ne cikin masu yawa, gobe zai canza. Hoton kifin shak yana iyo a kan babban titi shekaru ke nan yana yawo duk lokacin da aka yi ambaliya, haɗa shi aka yi. Ka duba wa ya fitar, ƙarfe nawa, kuma me ya ce game da adireshinka.

Haɗarin da na fi jiye maka ba a shekarar farko yake ba. A shekarar farko kowa yana jin tsoro, yana shiri. Sai guguwa ta kauce, ta sake kaucewa, mutum ya fara cewa ai haka suke yi kullum. Kaucewarta ba shaida ce ta ƙaryar masu hasashe ba. In hukuma ta ce akwai yiwuwar teku ya tumbatso, mutum ya fita sannan bai zo ba, asarar kuɗin mai da kwana biyu ya yi. In kuwa ya zauna tekun ya zo, wannan asara ba ta gyaruwa.

Amma gudu ba lissafi shi ma yana kashewa. A Satumban 2005, ƙasa da wata guda bayan guguwar Katrina ta nutsar da birnin New Orleans, aka ce wata mai suna Rita na zuwa. Miliyoyin mutane suka kwarara kan hanya lokaci guda, har da waɗanda gidajensu ba sa cikin haɗarin teku. Tafiyar awa 4 zuwa Dallas ta koma ta yini da kwana, mai ya ƙare, ga zafi, kusan mutum 100 suka mutu a hanyar gudu, guguwar kuma ta karkata zuwa iyakar Texas da Louisiana. Shi ya sa aka raba yankin gida-gida bisa lambar unguwa. Ranar da ka sami ɗaki, ka duba ko lambarka tana cikin yankunan da ake kwashewa. In tana ciki kuma aka ce a fita, ka fita da wuri, ba sai ka je wata jiha ba, wurin wani ɗan'uwa a tudu ya isa. In ba ta ciki, ka zauna ka bar hanya ga masu bukata. Sanarwa iri biyu ce: ta zama cikin shiri tana fita awa 48 kafin iska ta fara, ta gargaɗi awa 36. Wanda ya jira ta biyun zai tarar da kantuna wayam.

Maganar ɗaki ita ce ta fi komai, kuma nan 'yan'uwanmu suke faɗawa saboda neman araha. Kada ka kama ɗakin ƙasa kusa da rafi ko magudanar ruwa. Tun 2022 dokar Texas ta wajabta wa mai gida ya rubuta maka ko gidan yana yankin ambaliya, da ko ruwa ya shige shi cikin shekara 5 da suka wuce. Ka karanta wannan takarda, ka kuma tambayi maƙwabta, domin Harvey ta shiga gidaje da yawa da taswira ta ce lafiya lau suke. Inshorar 'yan haya ta yau da kullum ba ta biyan ɓarnar ambaliya. Ta ambaliya daban ake saye, kuma ta gwamnati sai bayan kwana 30 take fara aiki. In ka sayi mota, inshora mai arha da doka ta wajabta ba ta biyan motar da ruwa ya ci. Ka kuma sani, tallafin kuɗi na FEMA, hukumar agajin gaggawa ta gwamnatin Amurka, bai shafi mai bizar karatu ba. Matsuguni da abinci da agajin gaggawa na kowa ne, amma kwamfutarka da littattafanka in sun jiƙe, kai za ka saya. Na ga ɗalibai masu ƙwazo sun koma farko saboda wannan, kuma har yau yana yi mini ciwo cewa ba wanda ya gaya musu.

Za ka ce ɗauke wuta ba baƙonka ba ne. Gidajen nan ba irin namu ba ne. Katako ne da allo, an gina su don na'urar sanyaya ɗaki, ba tsakar gida, ba inuwa, murhu ma na lantarki ne a ɗakunan haya da yawa. Beryl ta Yulin 2024 mataki na 1 ce, amma ta katse wutar gidaje da shaguna sama da miliyan 2, wasu fiye da mako guda, zafi ya kashe mutane bayan iska ta wuce. Kada ka kawo dabarar gida ta tayar da janareto a baranda. Mita 6 daga gini, nesa da taga, kuma ba a cikin garejin mota ba ko da ƙofa a buɗe. Iskar gubar da ke cikin hayaƙinsa ba ta da wari. Bayan Laura a 2020 a Louisiana, wannan hayaƙi ya kashe mutane da dama da suka tsira daga guguwar kanta. Haka gawayi da risho, waje kawai.

Kayan da za ka tanada, ka saye su a makonka na farko. Ruwan sha galan 1, kusan lita 4, ga mutum ɗaya kowace rana, na kwana 7. Wannan lissafin bai haɗa da alwala da tsarki ba, don haka daren da za ta iso ka cika bahon wanka, da shi za ka kora bayan gida. Abincin da ba ya son wuta: garin rogo, dabino, gyaɗa, zuma, kifin gwangwani da mabuɗinsa, domin a matsuguni ba lallai ka sami na halal ba. Tocila maimakon kyandir, rediyo mai batir, batirin cajin waya guda 2 cike, maganinka na akalla mako 2, kuɗi a hannu ƙananan takardu saboda kati ba ya aiki in ba wuta. Firji yana riƙe sanyi awa 4 in ba ka buɗe ba, firiza cike awa 48. In an ce a tafasa ruwan famfo, ka bar shi ya yi minti 1 yana tafasa. Manna salatif a gilashin taga ba ya hana komai, ka kwana a ɗakin ciki da ba shi da taga. Fasfo da takardar I-20, wadda jami'a ke ba ɗalibin waje, a leda mai zif, hotunansu a imel ɗinka, lambar ofishin ɗaliban waje a rubuce a takarda.

Kada ka shiga ruwan da ya rufe titi. Santimita 15 na ruwa mai gudu yana kayar da babban mutum, 30 yana ɗaga mota, ga wayar lantarki da ƙazanta a ciki. In ruwa ya shigo gida yana hawa, ka hau saman rufi ka kira lambar gaggawa 911, kada ka shige cikin silin inda ba mafita.

Ka karanta wa Hajiya wannan, ka gaya mata mutane miliyoyi suna zaune a nan, muna aiki, muna karatu, mun gina rayuwa da guminmu, kuma ban ce kada ka zo ba. Ku yi yarjejeniya tun yanzu: mutum ɗaya a gida za ka riƙa tura wa saƙon rubutu safe da yamma, shi ya sanar da sauran. Kiran bidiyo daga dangi ashirin yana cinye batirin da kake bukata, kuma saƙon rubutu yakan wuce lokacin da kira ba ya shiga. Kafin ka sa hannu a takardar haya, ka turo mini adireshin in duba maka taswirarsa. Ka gaishe ta, Allah ya kawo ka lafiya.